Kamun kifi a bakin teku: sanda mai araha da yadda za ta daɗe

Kowace shekara, in an gama kai amfanin gona gida, ƴan uwanmu da yawa daga Maraɗi, Damagaram da Tawa suna tafiya ci-rani bakin teku. Wasu Kwatano, wasu Lome, wasu Abijan. A can abinci yana da tsada. Sai wani ya ce bari ya sayi fatsa, ya kama kifin miya da kansa. Shawara ce mai kyau. Amma ruwan teku ba irin na tabkin Madarunfa ko na Tabalak ba ne. A cikin lita 1 ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Wannan gishiri shi ke cin kayan masunci.

Wace sanda za mu saya?

Sandar fatsa iri 3 ce. Ta farko ta gora ce. Ita ce mafi araha, kuma ta isa kamun ƙananan kifi kusa da gaɓa. Ta biyu an yi ta da zaren gilashi. Tana da ɗan nauyi, amma tana lanƙwasa ba ta saurin karyewa, kuɗinta kuma da dama. Ta uku ta kabon ce. Ba ta da nauyi, sai dai tana da tsada, kuma in ta bugi dutse tana iya tsagewa. Ga talaka, ta zaren gilashi ta fi.

Mu duba tsawo. A ruwa mai kwanciya, kamar tabkin Nokuwe da ke haɗe da teku a Kwatano, sanda mai mita 2 zuwa 2 da rabi ta wadatar. Wanda zai jefa ƙugiya daga rairayi, ta wuce igiyar ruwa, yana bukatar mai mita 3 da rabi ko 4.

Kafin mu biya kuɗi, mu shafa zobban da zare ke bi ta ciki. Zobe mai kaushi ko tsatsa yana yanke zare, kifi ya tafi da ƙugiya.

Yaya za ta daɗe?

Duk ranar da muka dawo, mu wanke sanda, da zobba, da ƙugiya, da abin naɗe zare, da ruwan famfo ko na rijiya. Mu shanya su a inuwa, domin rana tana kashe ƙarfin zaren roba. Mu ɗiga ɗan mai a kan ƙarfe. Sanda mai araha da ake wankewa ta fi mai tsada da aka bar wa gishiri.

Mu kula da lafiyarmu

Ruwan teku yana cika yana janyewa sau 2 a kwana ɗaya. Wurin da muka tsaya a bushe, bayan ƴan awoyi ruwa na iya rufe shi. Igiyar ruwa a Kwatano da Lome tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki. Kada mu tafi mu kaɗai. Mu tambayi masuntan wurin tukuna. In hadari ya taso, mu ajiye sanda, musamman ta kabon, domin tana ɗaukar wutar aradu. In ƙugiya ta soke mu, mu wanke ciwon da sabulu, mu je asibiti a yi mana allurar rigakafin sandarewar jiki.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ɗan uwansa mai shirin tafiya.