Tsuntsayen Tafki da Zuwan Shamuwa

'Yan'uwa, duk wanda ya bi fadamar Kogin Haɗeja a ƙasar Ringim cikin watan Maris zai ga agwagin ruwa sun fara raguwa a tafkuna. Wasu na cewa maharba ne suka ƙarar da su. Ba haka ba ne duka. Da yawansu baƙi ne daga Turai da Rasha. Sanyin can ne ke koro su, su ƙetare Sahara, su iso mana wajen Oktoba da Nuwamba. Da bazara ta kama sai su koma gida su yi ƙwai. Kirinjijiya da dinya kuwa namu ne, ba su zuwa Turai.

Suna tafiya, shamuwa tana isowa daga kudanci da gabashin Afirka, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya cikin gari. Iyayenmu da sun gan ta sai su fara sharar gona. Annabi Irmiya ma ya ambaci sanin lokacinta (Irmiya 8:7). Amfaninta bai tsaya nan ba, domin fara ce babban abincinta. Saboda haka mu hana yara jifar sheƙarta.

Abin da ya fi damunmu shi ne ruwan kansa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala cikin fadama ya sauya, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja. Can ne Baturiya take, wadda aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya a 2008. Tafkunan da suka rage mana a rani ba su da yawa, amma har yanzu akwai masu zuba maganin ƙwari a ciki don kama kifi. Wannan mugun aiki ne. Tsuntsu ya ci kifin ya mutu, saniya ta sha ruwan, mata su ɗiba, yara su yi wanka a ciki.

In kun ga tsuntsaye matattu da yawa a bakin tafki, kada kowa ya taɓa su, balle ya ci. Ko guba ce, ko murar tsuntsaye irin wadda ta ɓulla a Kaduna a Fabrairun 2006 ta kashe kaji masu yawa a Arewa. A killace kajin gida, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi a ranar.