Takardar Neman Aiki Ba Takardar Bara Ba Ce

 Yau hirarmu a kan takardar neman aiki ce, wasiƙar nan da mutum kan ɗora a kan takardun shaidarsa kafin ya miƙa wa ma'aikata. Shafi ɗaya ne tak, amma shi ake fara karantawa kafin a ga fuskarka.

Bari mu fara leƙa Titin Yakubu Gowon a nan Kaduna, inda gidan adana takardun tarihi na ƙasa yake. Wanda duk ya zauna ya buɗe tsofaffin fayilolin zamanin Turawa a wurin, zai ga wasiƙun gwamnati kusan duk rufi ɗaya gare su. Mai rubutu zai ƙare, cikin Turanci, da cewa shi bawanka ne mai biyayya, ranka ya daɗe. Akawu mai neman ƙarin girma haka zai rubuta. Mai neman aikin masinja ma haka. To ga inda abin ya ba ni dariya: Di'o kansa, Bature ja-wur, haka yake rufe wasiƙarsa zuwa ga Razdan. Razdan ma haka yake rubuta wa na gaba da shi. Ashe ba ƙasƙantar da kai ba ne, al'adar ofis ce kawai da suka taho da ita daga Ingila. Su sun daɗe da ajiye ta. Mu kuwa muka riƙe ta hannu bibiyu, har muka ƙara mata gishiri.

Wa ya ƙara gishirin? Dattawa za su tuna da marubuta wasiƙa, masu zama bakin gidan waya da bakin kotu, da ɗan teburi da tafireta. Ka faɗa masa buƙatarka da Hausa, ya juya maka ita zuwa Turanci, ka biya, ka manna kan sarki. Shi kuwa ya san abin da ke sa zuciya ta yi laushi: ni talaka ne, iyayena sun tsufa, ƙannena na wuyana, a taimaka don Allah. Kuma a wancan zamani ko da haka ma ana samu. Tun 1917 Kaduna ta zama hedikwatar Arewa, kuma da Sardauna ya zama Firimiya a 1954 ya dage sai 'yan Arewa sun cika ofisoshin gwamnatinsu. Masu takarda ba su da yawa. Aiki ne ke neman mutum.

Yau fa? Tafireta ta tafi, marubucin bai tafi ba, shago ya koma. Ka shiga shagon kwamfuta a Kawo, ko Unguwar Rimi, ko wajen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka ce kana son afilikeshan. Yaron shago zai buɗe tsohuwar wasiƙar da ke ajiye a na'ura, ya goge sunan wani ya sa naka. Wani lokaci ma ya manta bai canja sunan ma'aikatar ba: kana neman aiki a asibiti, wasiƙarka na yabon banki.

Ku tuna da 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 ba su ci ba, za ta ɗauki sababbi 25,000. Gurbi 25,000, masu sauraro! Ku ƙiyasta tulin takardun da irin wannan sanarwa kan jawo. Mai tantancewa mutum ne, yana gajiya. In wasiƙa ɗari suka zo da kuka iri ɗaya, wadda ta faɗi abin da mai ita ya iya, ita zai tsaya a kai.

Abin da ka iya. Zan sake faɗa: abin da ka iya.

A ce wata ƙanwarmu ce ta gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ta yi bautar ƙasa, tana neman aikin akanta a wata makaranta mai zaman kanta a Malali. Ƙanwata, kada ki fara da gaisuwa irin tamu, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙoƙari. Wannan ta wasiƙa zuwa ga kawunki ce, kuma tana da kyau a muhallinta. A nan, bayan adireshi da kwanan wata da muƙamin wanda kike rubuta wa, sai ki sa kan magana: gurbin da kike nema, da sunansa yadda aka tallata shi. Layin farko ya faɗi inda kika ga tallar. Daga nan sai hujja. Kada ki ce ke mai ƙwazo ce mai riƙon amana, kowa haka yake cewa. Ki ce a shekarar bautar ƙasa ke kika riƙe littafin kuɗin makarantar da aka tura ki, kin iya Excel, kin san yadda ake bin iyaye bashin kuɗin zango ba tare da an ɓata ba. Shugaban makaranta ya karanta wannan, ya san an taɓo ciwonsa. Kuma kada ki kwashe duk abin da ke cikin si-bi ki sake zubawa. Wasiƙa zaɓe take yi, abu biyu ko uku da suka dace da wannan gurbi.

Na san wani yana can yana cewa, Malam, ai sai mai uwa a gindin murhu. Ban musa ba, akwai wannan, musamman a aikin gwamnati. Amma mai makaranta a Badarawa da mai asibiti a Unguwar Dosa kuɗinsu suke biya, ba su son wanda zai kashe musu kasuwa. Kuma ko wanda zai kai ka, kunya yake ji ya miƙa takarda mai cike da kurakurai.

Abokin aikina na ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure, sauran sai a gurguje. In ta imel za ka aika, adireshin ya kasance da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai suka sa maka ba. Lambar waya ta zama mai shiga. Kada ka wuce shafi ɗaya. Ka sa hannu. Sannan duk wanda ya ce ka biya kafin a duba takardarka, ka yi hattara. Ba mu manta da ɗaukar ma'aikatan shige da fice na Maris 2014 ba, inda aka karɓi naira 1,000 daga kowane mai nema, aka kuma rasa rayuka a turmutsitsi.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Kafin nan, duk mai shirin aika takarda, don Allah ya ba wani tsohon malaminsa ko ma'aikacin da ya sani ya karanta masa ita tukuna.