3.4 Sanya Amsa-kuwwa a Amfilifayar Jita

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan yadda ake ƙara amsa-kuwwa a amfilifayar jita mai aiki da bawul, wato kwalaben lantarkin da aka yi yayi kafin zuwan taransisto. Kamfanin Fender na Amurka ya fara sanya ta a cikin amfilifayarsa mai suna Vibroverb a shekarar 1963.

Amsa-kuwwar tana fitowa ne daga sifirin biyu ko uku da aka miƙe cikin dogon gwangwani. Bawul 12AT7 ke tura sauti ya girgiza sifirin, girgizar ta yi ta kai da komowa. A ɗaya ƙarshen sautin kan fito da rauni, sai bawul 12AX7 ya ƙarfafa shi, a gauraya shi da na asali.

Saboda wannan rauni, ana ajiye gwangwanin nesa da taransifomar wuta, in ba haka ba gurnani zai shiga sautin. Haka kuma, kwandansa kan riƙe wutar da ta kai bolt 400 ko da an zare waya daga soket, wadda ta isa ta kashe mutum. Don haka wajibi ne mai haɗawa ya sauke wutar, ya auna da mita, kafin ya sa hannu.