Zakkar Kono da Layin "Duk Ɗaya"

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, duk jajiberin ƙaramar Sallah a kasuwarmu ta Malanville za ka ga mabuƙaci ya kawo geron da aka ba shi zakka yana sayarwa da araha. Wasu sukan ce butulci ne. To, mu ɗan dakata.

Masana tattalin arziki suna da wani zane da wani Bature, Edgeworth, ya fito da shi a 1881. Mu kira shi layin "duk ɗaya". Ga misali: uwar gida tana da tiya 10 ta gero da tiya 1 ta shinkafa. Marmarin shinkafa zai sa ta yarda ta ba da tiya 3 ta gero a kan tiya guda, ta koma 7 da 2, ranta bai ɓaci ba. Daga nan 2 kawai za ta bayar, ta koma 5 da 3. Gaba kuma tiya sai da tiya: 4 da 4. Waɗannan haɗe-haɗen huɗu duk ɗaya ne a wajenta. In aka ɗiga su a takarda aka haɗa, layin lanƙwashewa yake yi, don abin da ya yi yawa a gida darajarsa raguwa take a idon mai shi, wanda ya yi ƙaranci kuma ya ƙara tsada.

Haka mabuƙacin nan yake. Gida biyar sun ba shi gero, amma ba mai, ba albasa. Sayarwar da ya yi neman layin da ya fi na farko ne, sai dai mai saye ya ga matsuwarsa ya karya farashi.

Shin a ba shi sefa ke nan? Hanafiyya sun halatta ba da ƙima. Mu a Malikiyya, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce sa'i ɗaya, wato mudun Annabi (SAW) huɗu, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, kuma gero, dawa da shinkafa duk suna cikin jerin. Zane ba ya ba da fatawa, wannan aikin malamai ne.

A ganina, mu fitar da hatsin yadda aka hukunta, mai hali ya ɗora sadakar kuɗin cefane a kai. Masu rabo kuma su riƙa tuntuɓar juna, kada gero ya taru a gida guda. Wallahu a'alam.