Usur da Wayar Hannu: Sabon Aikin Malamin Motsa Jiki

Idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, masara da dawa sun shiga rumbu, an kai auduga ma'auni, sai kalangu ya fara kiran 'yan dambe. A filin nan, ko'ina ka duba waya ce a sama ana ɗaukar wasa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, malamin motsa jiki, wanda nazarin motsin jikin ɗan Adam shi ne sana'arsa, sau da yawa usur da agogo kaɗai yake shiga fili da su.

Gyaran daga jami'a zai faro. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, duk suna yaye malaman wannan fanni, kuma daga hannunsu ilimin ke gangarowa zuwa makarantun Bakori, Ƙafur da Ɗanja. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Rufe makarantu da annobar korona ta jawo a Maris 2020 ya nuna cewa darasin da ya dogara ga fili kaɗai yana tsayawa cak ranar da aka kulle ƙofa.

Ba tsadar kaya ba ce matsalar. Wayoyi da dama suna ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa guda, sai a rage gudun bidiyon a ga yadda ƙafar mai tsere ke sauka. Manhajar Kinovea kyauta ce, tana auna lanƙwasar gwiwa da gwiwar hannu. Da manhajar Excel malami zai bi diddigin bugun zuciyar ɗalibansa zango bayan zango, ya kuma riƙa rubuta ko suna samun minti 60 na motsa jiki kullum, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga yara.

Ya kamata asusun TETFund, mai ɗaukar nauyin ƙaro ilimin malaman manyan makarantu, ya tuna da wannan sashe. Malamin da ya ƙware zai koma filin kaka da ɗalibansa, su ɗauki dambe da kokawa da langa, su auna, su rubuta, domin wasanninmu su shiga aji da hujjar ilimi tun masu iya su na raye.