Mai Zubi da Injin da Ke Gina Kaya

Maƙerin da ke zubin tukwanen alminiyam ba ya hura wuta sai da samfuri a hannu. Zai kifa tsohuwar tukunya cikin akwatin katako, ya cika shi da ƙasa mai laima, ya daddanna, ya zare tukunyar a hankali, sannan ya kwarara narkakkun gwangwanaye da tsoffin fistan a gurbin da ta bari. Ludayi da murfi da tukunyar biki duk haka ake samar da su. Iyakarsa guda ce: abin da babu samfurinsa ba ya zubuwa. Idan manomin rani daga Rurum ko Kibiya ya zo da fankar injin ban ruwa a farfashe, sai dai a ce masa, "Alhaji, ka gwada kasuwar Ƙofar Ruwa."

A nan ne injin buga kaya yake da rana. Yana narka zaren roba a zafin da ya kai digiri 200, yana shimfiɗa shi layi kan layi har kayan ya tashi, bisa zanen da aka ba shi a kwamfuta. Scott Crump ya nemi rajistar wannan fasaha a Amurka a 1989, kuma da wa'adinta ya ƙare a 2009 sai injunan suka yi araha. A 2013 Afate Gnikou ma ya harhaɗa nasa a Lome da tarkacen kwamfutoci.

Kasuwa biyu ce ta tsiro a intanet. Ɗaya ta zane ce, irin su Thingiverse da aka buɗe a 2008, da Printables, inda mutum ke sauke zane, akasari kyauta. Sai dai kayan wasa da na ado sun yi musu katutu. Da wuya ka ga haƙorin injin markaɗe. Ɗayar ta aiki ce: ka tura zane, su buga, su aiko. Shapeways, da ya faro a Holan a 2007, shi ya yi fice, kuma ya karye a 2024. Ko da yana ganiyarsa, wane manomi ne zai biya dala da kuɗin jirgi saboda ɗan murfi?

Ga kuma matsalar wutar lantarki. Bugu ɗaya kan ci awoyi, in an ɗauke a tsakiya aiki na iya lalacewa, don haka sai da sola. Robar da aka fi amfani da ita kuwa tana laushi tun a digiri 60, ba za ta jure jikin inji a watan Afrilu ba.

A ganina gurbin yana wajen yaron da ya iya awo da zane. Ya auna fankar, ya buga samfurinta da roba, ya miƙa wa mai zubi ya binne a ƙasa ya fitar da ta alminiyam.