Ranar Gyara: Kafin Ki Zubar, Kawo Mu Gani

'Yan uwa mata, duk robar da muka jefa bola don ta ɗan tsage, kuɗin zubi ne muka jefar. Shi ya sa yake da kyau ƙungiya ta ware rana ɗaya a wata, bayan an rufe akwati, a yi gayyar gyara. Aikin sa kai ne, ba biya. Kowace ta zo da abin da ya lalace mata, da kuma abin da hannunta ya iya.

Mai keken ɗinki ta yi wa kayan yara faci. Wadda ta iya ɗinkin ƙwarya ta koya wa saura, ba sai an jira gyartai ba. Bokiti in ya tsage, a ɗora guntun roba a wurin, a liƙe da wuƙa mai zafi, amma a fili saboda hayaƙi. Buhun shinkafa ya zama jaka ko shimfiɗar shanya. Leda kuwa a tsince ta, don in akuya ta ci takan toshe mata ciki har ta mutu.

A kula: jarkar maganin feshi ba a zuba mata ruwa ko mai, ko an wanke ta. A huda ta, kada wani ya ɗauka.

Kuɗin da ba ki kai kasuwa ba, ki ƙara a zubin mako mai zuwa.